Adana Ɗanyen Kayan Lambu a Tukunya Cikin Tukunya

Kayan lambu irin su alayyafo da tumatir da yalo ba sa jure zafi. Da zarar an tsinke su, sai su yi yaushi, daga nan su ruɓe. Wannan kan tilasta wa manomi a garuruwa irin su Babban Duhu, cikin ƙaramar hukumar Safana, ya karyar da amfaninsa, tunda ba shi da firiji.

Dabarar da ta dace da irin wannan muhalli ita ce tukunya cikin tukunya, wadda Malam Muhammad Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yayata, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Akan saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi. Sai a zuba kayan cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, yakan tafi da zafin ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Shi ya sa dabarar ta fi aiki da rani. Da damina kuwa, laima kan rage ƙarfinta.

Wajibi ne a riƙa ƙara ruwa safe da yamma, a kuma ware duk abin da ya fara lalacewa, domin wake ɗaya ke ɓata gari. In an kiyaye haka, alayyafon da kan yi yaushi a yini guda yana iya kaiwa kwana 12.