Yadda Ake Auna Zumunci Tsakanin 'Yan Makaranta

Sau da yawa malami yakan zaci ya san ɗalibansa ciki da bai, alhali kuwa iyakar saninsa ita ce wanda ya iya karatu da wanda ya cika surutu. Amma wa ake marmarin zama kusa da shi, wa kuma ake gudu, wannan mas'ala ce da yara kan bar ta a tsakaninsu. Wanda ya shahara da ƙago hanyar auna wannan ɓoyayyen al'amari shi ne wani likita, Jacob Moreno, wanda aka haifa a Bukares a 1889, ya ƙaura Amurka a 1925.

A 1932, sa'ad da 'yan mata 14 suka tsere cikin mako biyu daga wata makarantar horo da ke Hudson, a jihar New York, Moreno da abokiyar aikinsa Helen Jennings suka sa kowace yarinya ta faɗi waɗanda take so su zauna gida ɗaya, sa'an nan suka zana amsoshin, kowace da 'yar da'irarta, layi yana tafiya daga mai zaɓe zuwa wadda aka zaɓa; sai ga shi waɗanda suka tsere sarƙar ƙawance ce ta haɗa su.

Bayan Moreno, a 1982, masu bincike Coie da Dodge da Coppotelli suka kasa yara kashi biyar bisa ga zaɓen 'yan'uwansu: masu farin jini, da waɗanda aka ƙi, da waɗanda wasu ke so wasu ke ƙi, da tsaka-tsaki, da waɗanda aka manta. A ganina kashin ƙarshen nan ya fi cancantar kulawa, domin wanda aka ƙi, fitinarsa ko kukansa kan kai labarinsa kunnen malami, amma wanda ba a ambata ba, ko da so ko da ƙi, yana iya shekara a bencin baya ana yaba masa ladabi, alhali kaɗaici ne ke cinsa.

Malamin da zai gwada wannan hanya, to ya sani amsoshin nan amana ce. Kada ya karanta su a gaban aji. Ya yi amfani da su wajen sauya wurin zama da haɗa rukunin aiki, ya ajiye takardun inda idon yaro ba zai kai ba.