Ƙaiƙayin da ba ya shiga katin asibiti: Yadda ake auna wahalar masu ciwon fata

A Sabon Birni da Isa, inda hare-haren 'yan bindiga suka tilasta wa mutanen ƙauyuka tarewa a gidajen dangi da makarantu, ƙazuwa ta samu wurin zama. Tabarma ɗaya, mutum da yawa, ruwan wanka kuma sai an yi tsimi. Ma'aikacin lafiya zai duba ƙuraje ya rubuta magani, amma katinsa ba shi da gurbin rubuta cewa uwa ta kwana tana susa, ko budurwa ta daina zuwa biki.

Wannan giɓin ne ya sa a 1994 wasu likitoci biyu, Andrew Finlay da Gul Karim Khan, suka fito da ma'aunin DLQI a birnin Cardiff na Birtaniya. Tambayoyi 10 ne kan makon da ya wuce, kowace da maki 0 zuwa 3, jimla 30. Wanda ya haura 10, ciwon ya taɓa rayuwarsa sosai, ko da ƙurajen ba su da yawa a ido.

Tambayar ƙaiƙayi da ta jin kunya sun dace da Gobir kamar don ita aka yi su. Sauran kuwa sai an yi gyara. Akwai tambaya kan wasannin motsa jiki, alhali abin da ke damun manomi shi ne ko zai iya riƙe fartanya, ko za a ƙi miƙa masa hannu bayan sallah. Ta 9 kuma kan kwanciyar aure take. Matar da ake tambaya a gaban uwar mijinta ba za ta amsa ba. Sannan an tsara takardar ne don majiyyaci ya cike da kansa, a yankin da da yawa suka fi karanta ajami da allo fiye da boko. Dole a karanta wa mutum da Hausa, a keɓe, mace ta tambayi mace.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma ta ce tana jikin mutum sama da miliyan 200 a kowane lokaci. Maganinta, irin su man permethrin, sai an shafa wa duk 'yan gida lokaci guda. Mai makero ko kirci da ya ƙi jin magani kuwa, sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ta hanyar da direbobi ke bi da addu'a.