Abin Da Ya Ɗaure Mutanen Kafanchan A Gaban Talabijin

Da wuya ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Fatakwal ya je ganin gida Kafanchan ya dawo ba da wannan ƙorafi ba: wai ka shiga gidan ɗan'uwanka bayan magariba, ya amsa maka sallama idonsa na kan akwatin talabijin. Wasu su ce lalaci ne kawai. Amma wanda ya san garin tun da, ya san maganar ta wuce nan.

Kafanchan garin reluwe ne. Tun 1927 da layin dogo na Fatakwal ya ratsa ta, ga hannun Kaduna ga na Jos, tasha ita ce dandalin gari. In jirgi ya tsaya, mai ƙosai da mai shayi da ɗan dako kowa sai ya samu, labarin Kurmi kuwa a bakin fasinja ake jin sa. Da harkar jirgi ta durƙushe, hirar tasha ta bi ta.

Talabijin ta fara a Badun cikin 1959, ta zo Kaduna a 1962, sa'an nan Jos a 1974, inda aka fara nuna hoto mai launi a 1975. A zamanin nan akwati ɗaya kan ishi unguwa guda, manya a tabarma, yara sun yi cincirindo a taga. Ranar Samanja Mazan Fama kuwa ba masaka tsinke. Ba abin mamaki ba ne, domin Hausar bariki ta Usman Baba Pategi, mai gauraye da Turanci, ta dace da garin da Bajju da Atyap da Kagoro da Hausawa da Fulani da Ibo suke ciniki a kasuwa ɗaya. To, amma tashoshin lokacin sai da yamma suke buɗewa, dare ya yi a sa taken ƙasa a rufe. Watau akwatin da kansa yake korar mutane barci. Tashoshin tauraron ɗan'adam na yanzu ba su san rufewa ba.

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba. Rikicin watan Maris na 1987, da na bayan zaɓen 2011, da dokokin hana fita da suka biyo baya, sun koya wa magidanta tattara iyali cikin gida da wuri. Wanda ya kulle ƙofa tun isha'i, me zai yi in ba kallo ba?

Samari su nasu dandalin gidan kallon ƙwallo ne. Aiki ya yi wuya, kuɗin shiga kaɗan ne, kuma a nan ne za ka ga Musulmi da Kirista a benci ɗaya suna yi wa Arsenal ihu. Ko da aka janye tallafin mai a 2023 fetur ɗin janareta ya yi tsada, ranar babban wasa wanda ya makara a tsaye yake kallo.