Jirgin Nutso Na Farko Na Ƙasar Holan

Ɗalibin da ya tashi a Batsari ko Safana, wanda babban ruwan da ya sani bai wuce na madatsar Zobe ba, zai yi mamakin jin cewa akwai jirgin da ake ƙerawa domin ya nutse da gangan. Amma hikimar abin ba ta da nisa da goran masunci. Muddin gora yana cike da iska, zai yi ta yawo bisa ruwa; da zarar ruwa ya shiga ya kore iskar, sai ya yi ƙasa. Shi ma jirgin nutso yana da tankuna a jikinsa. In an cika su da ruwa sai ya nutse, in an hura musu matsattsiyar iska ruwan ya fita, sai ya taso.

A kan wannan ƙa'ida ce kamfanin De Schelde da ke garin Vlissingen, a ƙasar Holan, ya fara ƙera wani ɗan jirgi a 1904, da kuɗin aljihunsa, tun gwamnati ba ta yi alkawarin saye ba. Tsarin ginin ya fito ne daga kamfanin Electric Boat na Amurka, bisa fasahar John Philip Holland, wanda duk da sunansa ɗan asalin Ailan ne. An tura jirgin ruwa a watan Yulin 1905 da sunan Luctor et Emergo, wato "ina kokawa, ina kuma tasowa" da Latinanci. Wannan shi ne kirarin lardin Zeeland, kuma da wuya a samu sunan da ya fi dacewa da jirgin nutso. A Disamban 1906 rundunar sojan ruwa ta saye shi, ta raɗa masa O 1.

Tsawonsa kimanin mita 20 ne, ma'aikatansa mutum 10, da bututu ɗaya tak na harba nakiya. A ƙarƙashin ruwa da batir yake tafiya, domin inji ba ya aiki sai da iska. A sama kuwa injin fetur ke jansa, kuma a nan haɗarin yake. Fetur yana saurin zama tururi, kuma a cikin rufaffen ƙarfe tururin ba shi da mafita: yana jirkitar da masu shaƙarsa, sannan ɗan tartsatsi daga wayar lantarki ya isa ya tayar da gobara. Man dizal ba ya tururi da sauƙi haka, shi ya sa a 1914 aka cire injin fetur aka sa na dizal.

Jirgin bai taɓa gwabzawa da abokan gaba ba, saboda Holan ba ta shiga Yaƙin Duniya na Farko ba. Babban amfaninsa shi ne horo. Har zuwa 1911, lokacin da O 2 ya fara aiki, shi kaɗai ne jirgin nutson ƙasar, don haka a cikinsa sojojinta na farko suka koyi nutso da tasowa. An sallame shi daga aiki a 1920.