Kaluluwar Wuya a Jikin Yara: Yaushe Za a Kai Su Asibiti?

Ni ba likita ba ne, injiniyan ruwa ne, amma abin da ya faru a gidana a nan Shisha ya sa na ga ya dace mu tunatar da juna.

Bayan aikin Hajji, lokacin da unguwarmu ke cika da alhazai saboda kusancinta da Mina, mura da ciwon maƙogwaro suka kama yara. Sai autata mai shekara 6 ta wayi gari da kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ce a kira wanzami ya yi mata sakiya. Na ƙi, muka tafi mustausaf. Likita ya duba maƙogwaronta, ya ce ƙwayar cutar bakteriya ce, ya rubuta magani na kwana 10.

Kaluluwa dai tamkar matatar ruwa ce. A wuya akwai ƙananan ƙulle-ƙulle masu tace ƙwayoyin cuta. Idan cuta ta shiga ta maƙogwaro, kunne, ruɓaɓɓen haƙori, makero ko ƙurajen kai, sai su kumbura saboda aiki ya yi musu yawa. Yakushin kyanwa ma yana kawo ta, ga kyanwoyi birjik a lungunan Makka. Ashe ke nan ita alama ce, tushen ciwon yana wani wuri. Tsaga ta ba ya magani, sai dai ya buɗe wa wata cutar ƙofa.

Mafi yawanci ba abin tsoro ba ce. Idan ba ta wuce girman wake ba, tana motsi in an taɓa, yaro kuma yana ci yana wasa, takan saɓe da kanta cikin 'yan makonni.

Amma a gaggauta zuwa asibiti idan:

1. Ta wuce santimita 2, ko tana ƙara girma.
2. Ta yi ja, ta yi zafi, ko tana neman yin mugunya.
3. Ta yi tauri, ba ta motsi, ko ta fito a saman ƙashin wuya kusa da kafaɗa.
4. Yaro yana rama, yana gumin dare, ko zazzaɓi ya ƙi sauka. Tarin fuka yakan ɓoye a kaluluwar wuya.
5. Haɗiya ko numfashi ya yi wuya. Wannan ba a jiran gari ya waye.

Tun 2018 Saudiyya ta tsaurara dokar hana sayar da maganin antibayotik ba da takardar likita ba, don haka kada a bai wa yaro ragowar na wani. In an rubuta masa, ya shanye duka ko da ya warke, domin ciwon maƙogwaron da aka yi wa rabin magani yana iya taɓa zuciya daga baya. Mai neman shawara ya kira 937, lambar Ma'aikatar Lafiya.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.