Me ya sa manhaja ke rufe kanta a waya?

Masu saurarenmu na Magarya da Dungas, da ƴan uwa da ke ci-rani a Kano, Aljeriya ko Libiya, kusan kowa ya taɓa gani: kana tsakiyar tura kuɗi ko saƙon murya, sai manhaja ta rufe, ɗif. Mu kan ce waya ta tsufa. Wani lokaci ba laifinta ba ne.

Ga yadda abin yake. Mai rubuta manhaja ba ya ƙera komai da kansa. Akwai rumbun kayan aiki da ke cikin wayar tun daga kamfani, shi yake aika. In yana son a karanta wani bayani, sai ya ba rumbun adireshin wurin da bayanin yake cikin ƙwaƙwalwar waya. Wannan adireshi shi ne manuni. To in adireshin na banza ne fa?

Ku ɗauka an ba ɗan kabu-kabu saƙo. In ba a faɗa masa gida ba sam, nan take zai gane. Amma in an kwatanta masa gidan wani, zai je ya sauke kaya, ransa fes. Haka rumbun yake: gano adireshin da babu komai cikinsa abu ne mai sauƙi, gano na kuskure kuwa da wuya, kuma binciken na cin lokaci.

Shi ya sa masana suka rabu. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972, ya ɗora nauyin a kan mai aike: ka ba da mummunan adireshi, duk abin da ya faru kai ka jawo. Amma zuciyar Linux, wadda Android ke tafiya a kanta, tana bincika adireshin da manhaja ta miƙo mata, ta maido da amsar kuskure, don ba ta yarda da baƙo ido rufe.

A ranar 19 ga Yuli 2024 duniya ta ga illar abin. Manhajar tsaro ta CrowdStrike ta nemi bayani na 21 alhali 20 aka ba ta, ta leƙa inda ba nata ba. Kwamfutoci wajen miliyan 8.5 masu Windows suka tsaya, jirage suka kasa tashi.

Mu dai a ganinmu, a yi binciken a bakin ƙofa, inda saƙo ke shigowa daga waje. Amma rumbu ya ga kuskure ya yi shiru, wannan ya fi muni. Gara manhaja ta rufe da ta rubuta lissafin kuɗinka a gurbin da ba shi ba. In ta rufe muku kuna cikin tura kuɗi, kada ku yi saurin sakewa. Ku duba saƙon tabbaci da ragowar kuɗinku tukuna, ko ku kira wanda kuka tura wa.