Makonni Goma Sha Shida na Farko: Ilimin Renon Ɗan Kwikwiyo

A shekarar 1914, wasu ma'aikata masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bon na ƙasar Jamus, suka tono wani kabari da ya kai kimanin shekara 14,000. A cikinsa akwai ƙasusuwan mutum biyu, namiji da mace, tare da na wani ɗan kare. Bayan fiye da shekara ɗari, wato a 2018, masana suka sake nazarin haƙoran karen, suka gano cewa bai wuce wata bakwai ba lokacin da ya mutu, kuma tun yana ɗan wata huɗu da 'yan kwanaki ya sha fama da wata muguwar cuta ta tsawon makonni. Da ba don wani ya riƙa ɗumama shi yana shayar da shi yana share masa ƙazanta ba, da bai kai wata bakwai ɗin ba. Ashe dai renon ɗan kwikwiyo ya girmi noma da kiwon shanu a tarihin ɗan Adam.

A ƙasar Hausa yawanci ana ajiye kare ne domin gadin gida ko lambu, ko tsaron garke, ko farauta, kuma malamai sun yi bayanin halaccin ajiye shi saboda irin waɗannan bukatu. Sau da yawa yadda abin ke farawa shi ne, karyar maƙwabci ta haihu, sai a ɗauko ɗaya a kwali a kawo gida, a ɗora wa wani yaro ɗan sakandare nauyin kula da shi. Abin da wannan yaro bai sani ba, kuma sau da yawa iyayensa ma ba su sani ba, shi ne halin karen da za su zauna da shi shekara goma ko fiye, da lafiyarsa, da lafiyar mutanen gidan, duk ana aza harsashinsu ne a cikin makonni 16 na farko.

Halittar da ba ta gama haɗuwa ba

Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63. Ɗan da ta haifa yana zuwa duniya ido a rufe, kunne a toshe, ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ba ya ma iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashe shi. Idanunsa suna buɗewa tsakanin kwana 10 zuwa 14. Nonon farko, wato dakashi, shi ne garkuwarsa, domin yana ɗauke da sinadaran kariya daga cututtukan da uwar ta taɓa yi ko aka yi mata rigakafinsu, kuma hanjin jaririn yana iya tsotse su ne a cikin yini guda na farko kawai.

Saboda haka doka ta farko ita ce haƙuri: kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8. Ba nono kaɗai yake samu a wurinta ba. Idan suna wasa da 'yan'uwansa ya yi cizo da ƙarfi, wanda aka ciza sai ya yi ƙara ya janye, wasa ya tsaya. Ta haka ne yake koyon sassauta haƙori. Wanda aka ɗauke tun yana mako huɗu bai halarci wannan aji ba, kuma hannuwan yaran gida ne za su biya kuɗin makarantar.

Ƙofar da ke rufewa

A nan ne ya kamata mai karatu ya fi tsayawa. A garin Bar Harbor na ƙasar Amurka, masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekara 13 suna nazarin ɗaruruwan 'yan kwikwiyo, suka buga sakamakon a 1965. Wani gwaji da aka yi a wannan cibiya, wanda aka buga a 1961, ya fito da maganar fili. An bar karnuka da 'ya'yansu a cikin manyan filaye da aka kewaye, ana ba su abinci ba tare da sun yi hulɗa da mutum ba. Sai aka riƙa ɗauko 'ya'yan rukuni-rukuni, wasu suna mako 2, wasu 3, wasu 5, wasu 7, wasu 9, a yi mako guda ana wasa da su, a mai da su. Rukuni na ƙarshe ba a taɓa su ba sai da suka kai mako 14. Waɗanda suka haɗu da mutum tsakanin mako 5 da 9 suka tashi da sabo da sauƙin horo. Na mako 14 kuwa suka zama tamkar namun daji, suna gudun mutum, kuma lallashi na tsawon makonni bai yi wani tasiri mai yawa ba.

Ma'anar wannan ita ce, daga kimanin mako 3 zuwa 12 ko 14, ƙwaƙwalwar kwikwiyo tana rubuta jerin abubuwan da za ta ɗauka a matsayin na gida. Son sani ya fi tsoro ƙarfi a wannan lokaci. Bayan nan sai ma'aunin ya juya, duk abin da ba ya cikin jerin ya zama abin zargi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a nan masana sun ƙidaya mana kwanakin ɗanyancin. Wanda ya karɓi kwikwiyo yana mako 8, abin da ya rage masa bai fi wata guda da rabi ba.

A cikin wannan ɗan lokaci sai a nuna masa duniyar da zai rayu a cikinta, a hankali, ba tare da firgitarwa ba: yara da tsofaffi, mai babbar riga da mai hijabi, mai sanda da mai tura kura, ƙarar babur da ta injin niƙa da ta janareta. A nuna masa kaji da awaki yana riƙe a igiya, a yaba masa idan ya natsu. A saba masa da taɓa kunne da ƙafa da buɗe baki, domin wata rana likita zai bukaci yin haka.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, musamman a birane, ta kulle kwikwiyo a keji ko ɗaure shi a bayan gida kada ya ga kowa, wai don ya yi zafi. Wasu har barkono suke zuba masa a abinci. A ganina babu kuskuren da ya fi wannan tsada. Abin da ake samu ba jarumi ba ne, matsoraci ne, kuma yawancin cizo daga tsoro yake fitowa. Amfanin mai gadi shi ne ya bambance wanda ya shigo ta ƙofa da sallama da wanda ya hauro katanga da tsakar dare. Karen da bai san kowa ba ba zai iya wannan bambancewa ba. Da ɓarawo da almajiri da jikan mai gida duk ɗaya ne a wurinsa.

Yadda kare ke koyo

Ɗaliban nazarin halittu sun san Ivan Pavlov na ƙasar Rasha, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci, kuma ya nuna cewa kare yakan haɗa wata alama da abin da ke biyo bayanta, har miyau ya zubo masa kafin ya ga abinci. A 1898 kuma Edward Thorndike na Amurka ya nuna cewa dabba takan maimaita aikin da ya jawo mata daɗi, ta bar wanda bai jawo komai ba. Horon kare gaba ɗaya a kan waɗannan ka'idoji biyu ya tsaya, sai dai da sharaɗi guda: sakamako ya biyo bayan aiki nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Mu ɗauki misalin kashi da fitsari. Kwikwiyo yakan bukaci fita da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan wasa. A ɗauke shi a kai shi wuri guda da aka ware, nesa da madafa da rijiya da wurin salla, a tsaya har ya yi, a yaba masa nan take da murya mai daɗi da ɗan guntun nama. Idan aka tarar ya riga ya ɓata tsakar gida, duka ba shi da amfani, domin ba zai haɗa dukan da abin da ya yi rabin sa'a da ta wuce ba. Abin da zai koya kawai shi ne mai gidansa yakan far masa ba dalili. A wanke wurin sosai, domin hancinsa ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma ɗan warin da ya rage shi ne zai sake kiransa.

Umarni kuwa ya zama gajere, kalma ɗaya, kuma kowa a gidan ya yi amfani da ita: zo, zauna, bari. Minti biyar sau uku a yini ya fi sa'a guda a zama ɗaya. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne "zo", saboda haka kada a taɓa kiran kare ya zo sannan a doke shi, ko da laifin me ya yi. Daga kimanin wata huɗu haƙoransa na nono guda 28 za su fara zubewa, na dindindin guda 42 su maye gurbinsu, sai ka ga ya dami takalma da tabarma da tauna. A ba shi abin taunawa nasa, a ɗage takalman.

Ci da sha

Binciken da aka buga a 2013 ya nuna cewa kare ya fi kakansa kyarkeci yawan ƙwayoyin gado masu sarrafa sinadarin narkar da sitaci. Don haka tuwo da shinkafa suna karɓarsa. Amma jiki mai girma da sauri ba ya ginuwa da tuwo zalla. Sai an haɗa da nama ko kifi ko dafaffen ƙwai. A ciyar da shi sau huɗu a yini har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Madarar shanu takan sa shi zawo. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, cakulan da goro suna da sinadaran da ke iya yi masa guba, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya soke hanji. Kada a ba shi maganin ciwon kai na mutane. Kare ba ya yin gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, saboda haka a zafin watan Afrilu inuwa da ruwa mai tsabta ba abin wasa ba ne.

Tsutsa, kaska da allura

Kusan kowane kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsa, domin nau'in da ake kira Toxocara canis yakan ratsa ta mahaifa da nono. Ana fara ba da maganin tsutsa tun yana mako 2, a maimaita duk mako biyu har ya kai wata uku. Wannan ya shafi mutane ma: ƙwan tsutsar yana daɗewa a ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki, tsutsar ta yi yawo a jikinsa, wani lokaci har ta taɓa ido. A riƙa kwashe kashin kare kullum ana binnewa. Kaska kuma tana ɗauke da cututtukan jini, waɗanda suka fi yi wa karnukan ƙasashen waje irin su Alsashiyan illa fiye da namu na gida. Ga mai farawa, ni dai karen gida nake ba da shawara.

Kariyar da dakashi ya bayar takan dusashe tsakanin mako 6 da 16, kuma muddin tana nan da ƙarfi takan hana allurar rigakafi kamawa. Tun da ba a san ranar da za ta ƙare a jikin kowane kwikwiyo ba, sai a yi allurar sau da yawa: a fara yana mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako uku ko huɗu har mako 16. Ita ce ke kare shi daga distemfa, wadda ake kyautata zaton ita ta kama ɗan karen Oberkassel, da kuma fabo, cutar amai da zawon jini da ta bayyana a duniya a 1978. Mai lura zai ga matsala a nan, wato lokacin da ya kamata kwikwiyo ya san duniya shi ne lokacin da rigakafinsa bai kammala ba. Mafita ita ce a kawo masa duniyar gida, ko a fita da shi a hannu, amma kada a bar shi ya taka juji ko ya cuɗanya da karnukan titi.

Ciwon haukan kare

Duk abin da aka ambata a baya, idan an yi sakaci, kare ne ya fi cutuwa. Wannan kuwa ran mutum ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Daga wurin cizo sai ta bi jijiya sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku. Da zarar alamu sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi. Wannan jinkiri na tafiyarta shi ne ya ba Louis Pasteur na Faransa damar ceton yaro Joseph Meister, ɗan shekara 9, da allura bayan cizo a watan Yulin 1885.

Ana yi wa kwikwiyo allurar wannan ciwo yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, wanda a nan yawanci shekara-shekara ne. Ana samunta a asibitocin dabbobi na gwamnati da na jami'o'i, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana cikin masu sarrafa ta. A tabbata daga cikin sanyi aka ɗauko ta, domin allurar da ta sha rana ba ta da maraba da ruwa, kuma a karɓi katin shaida a adana. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan daina yaɗuwa a wurin.

Malamai su sanar da ɗalibai cewa ƙanƙantar kwikwiyo ba ta hana shi ɗaukar cutar, kuma yaro yakan ɓoye cizo ko yaƙushi don tsoron faɗa. Idan abin ya faru, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, kada a shafa barkono ko toka ko ganye, sannan a tafi asibiti a ranar domin fara allura. Idan karen na gida ne kuma an iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a killace shi likitan dabbobi ya lura da shi kwana 10. Amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a fara yi wa wanda aka ciza allura.